Fim Ɗin Da Na Yi Maka Alkawari

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Na san shiruna ya yi yawa, amma tun da kai ka ce duk fim ɗin da ake cece-kuce a kansa a nan in kalla in ba ka labari, yau ga shi na cika alkawari.

Sunan fim ɗin Bros, kamfanin Universal ne ya sake shi a ƙarshen Satumban 2022, bayan an fara haska shi a bikin finafinai na nan Toronto. Labarin soyayya ne mai ban dariya tsakanin maza biyu a birnin New York. Na san yadda ake kallon wannan al'amari a gida, kuma ba shi na ɗauko ba. A matsayinka na marubucin labarin fim nake yi maka magana.

Billy Eichner, wanda ya rubuta labarin tare da darakta Nicholas Stoller, shi ya fito a matsayin Bobby, mai kaifin baki da ke fafutukar buɗe gidan tarihin masu son jinsi ɗaya. Amma wanda ya riƙe ni shi ne Aaron, rawar da Luke Macfarlane ya taka, lauya mai rubuta wa mutane wasiyya alhali zuciyarsa ba ta wurin aikin, domin tun yana yaro burinsa ya riƙa haɗa cakulan, sai ya binne burin don gudun abin da za a ce. Ba ya yawan magana, amma duk inda ya yi shiru sai ka gane abin da ke cinsa. Haka ma wurin da suke bakin teku a Provincetown, wani garin shaƙatawa a jihar Massachusetts, inda Bobby ya sauke murya ya faɗi yadda aka yi ta ce masa ya rage nuna ainihin yadda yake tun ƙuruciya, wallahi ya taɓa ni.

Inda fim ɗin ya gaza kuwa, bakin Bobby ba ya hutawa. Ko a wurin cin abinci da iyayen Aaron sai da ya mai da hira lacca, ya tasa mahaifiyar, wadda malamar firamare ce, a gaba da gardama. An yi hakan da gangan ne don a nuna aibinsa, amma cikin kusan awa biyu mai kallo yakan gaji kafin Aaron ya gaji. Barkwancin taron gidan tarihin ma, in ba ka san Amurka ciki da bai ba, rabinsa zai wuce ka.

An kashe kusan dala miliyan 22, abin da aka samu a sinima bai kai miliyan 15 ba. Eichner ya hau Twitter yana kukan cewa waɗanda ba masu son jinsi ɗaya ba sun ƙi fitowa kallo. Ni ban yarda nan kaɗai matsalar take ba, domin babu fitaccen tauraron da zai ja jama'a, kuma rana ɗaya aka sake shi da fim ɗin ban tsoro Smile, wanda ya kwashe 'yan kallo.

Ina kallo ina tuna jaruminka mai jawabin shafi uku a gaban surukai. Ka rage shi kuwa, ko har yanzu kana kan bakanka? Ka aiko mini sabon rubutun in gani, kuma ka gaida mini Hajiya da kyau.

Naka amini,
daga Toronto