A ba Wankawan ƙasar Peru haƙƙinsu a shirin tarihi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina gaishe ka da sauran ma'aikata, Allah ya ƙara basira. Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare, kuma shirinku na tarihin duniya ba ya wuce ni. Na ji daɗin wanda kuka yi a makon jiya kan faɗuwar daular Inka, sai dai abu biyu sun tsaya mini a rai. Mai gabatarwa ya ce Sifaniyawa 168 kacal ne suka rushe daular, ya kuma ce mutanenta duk harshe ɗaya suke yi, wato Kecuwa. Washegari wani ɗalibina ya maimaita mini maganar a aji, har yana tambaya ko mutanen ragwaye ne. Abin ya dame ni, shi ya sa na ɗauki biro.

Gaskiya ne da mutum 168 Francisco Pizarro, jagoran Sifaniyawan, ya kama Sarkin Inka Atahualpa a Cajamarca a 1532. Amma wa ya ciyar da su bayan nan, wa ya ɗauki kayansu, wa ya tare musu mashi? A nan ne ya kamata a ambaci mutanen Huanca, ana furta shi Wanka, kalmar da ke nufin dutse a harshensu. Suna zaune a kwarin kogin Mantaro da ke jihar Junín a tsakiyar Peru, inda birnin Huancayo yake a tudun da ya haura mita 3,200. Kafin zuwan Inka suna da sarakunansu da garuruwansu masu ganuwa a kan tsaunuka, irin su Tunanmarca mai zagayayyun ɗakunan dutse. Wajen 1460 Inka suka ci su da yaƙi, suka sauko da su kwari, suka raba ƙasarsu gida uku, suka cika tuddan Jauja, wani gari a kwarin, da rumbunan tara haraji. Shekara saba'in da 'yan kai ke nan kafin Turawa su iso, akwai tsofaffin da suka ga abin da idonsu. To, ina mamaki don sun mara wa baƙi baya a 1533? A Jauja ɗin ma Pizarro ya fara kafa hedikwatarsa a 1534, kafin ya koma Lima a 1535.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda suka riƙe lissafi. Ba su da takarda da tawada, suna da kipu: igiyoyi ne da ake ƙulla wa kulli, kowane kulli da adadinsa, kowace igiya da abin da take ƙirgawa. Duk abin da suka ba Sifaniyawa, da wanda aka ƙwace da ƙarfi, sai da suka ƙulla shi: maza da mata 'yan dako, dabbar lama, masara, dankali, tufafi, takalma, tukwane, har itacen girki. A 1558 sarakunansu suka kai igiyoyin nan gaban kotun Sifaniyawa a Lima, masanansu suna shafa kulli suna karantawa, magatakarda yana rubutawa, suna neman a biya su. Ɗan sarkinsu Felipe Guacrapaucar har Sifaniya ya je, a 1564 Sarki Philip na biyu ya ba shi tambarin girma. Tambari dai bai hana a ɗora wa talakawansu haraji da aikin tilas ba. Ban ce zaɓin da suka yi ya yi musu kyau ba, amma mutanen da suka ƙirga hakkinsu haka ba su cancanci a tsallake sunansu ba.

Batun harshe kuma, Kecuwa dangi ne na harsuna. Na Wankawa yana cikin reshen tsakiya, kuma mutumin Kusko, tsohon babban birnin Inka, ba ya gane shi in ba koya ya yi ba. Inda na Kusko zai ce rimay, wato magana, Bawanke limay yake cewa, kamar dai yadda muke jin harshe da halshe a tsakaninmu, sai dai nasu bambancin ya kai har cikin nahawu. Harshen Wankawan kansa yana da karin Waylla da Waycha da Shawsha. Gwamnatin Peru ta amince da Kecuwa a hukumance a 1975, a 1976 kuma masanin harshe Rodolfo Cerrón-Palomino, ɗan yankin, ya fitar da nahawu da ƙamus na harshen. Duk da haka yau yawanci a bakin dattawan ƙauye yake, yaran Huancayo da Sifaniyanci suke tashi. Idan aka ce duk Kecuwa ɗaya ne, irin na Kusko ake nufi, ƙananan kuma su ƙara nutsewa.

Roƙona, Malam, ku ware ko da minti goma a shiri na gaba ku gyara waɗannan biyun, ku ba da labarin igiyoyin da aka kai kotun Lima. Na yi wa 'yan ajina alkawarin za mu saurara tare.

Naka mai sauraro,
Malamin tarihi daga Zariya