Ba duk kyandir mai ƙamshi ne na kakin zuma ba, a dinga dubawa kafin a saya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da mutane ke ɗauka ƙarami, wato kyandir. Da can ai ba ma kunna shi sai an ɗauke wuta, fari dogo, a ɗiga narkakkensa a bakin gwangwanin madara a kafa shi, shikenan. Yanzu ko ya zama kayan gayu, ana zuba shi a kofin gilas da ƙamshi kala kala, 'yan mata na tallarsa a Instagram da WhatsApp, har cikin kayan ɗakin amarya ake sa shi, kuma kowacce ka tambaya sai ta ce maka nata na asali ne ba kemikal a ciki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ƙanwata ce da aka kai ɗakinta bara. An ba ta irin waɗannan kyandirori guda huɗu a cikin gudummawa, kwalin ma ya isa kallo, an zana ƙudan zuma a jiki. Lokacin sanyi ne, taga a rufe labule a sake, kullum bayan isha'i sai ta kunna biyu. Da na je wajenta bayan kamar sati uku ina ɗaga kai sai ga silin ɗinta fari sabo ya yi wani baƙin zagaye daidai saman durowar da take ajiye su, na sa yatsa a bakin kofin ya fito baƙi ƙirin kamar na shafo gindin tukunya. Na ce ke wance, wannan fa abin da ya hau silin shi kike shaƙa. Ta ce haba Yaya ai na kakin zuma ne, ga hoton nan. Na ɗauko ɗaya wanda ba a kunna ba na kankare shi da farce, sai ga shi yana marmashewa fari fat kamar garin sabulu.

Ni kakin zuma ba baƙona ba ne, kakanmu yana da amya a kan itatuwa a ƙauye, in an sha zuma a kan tafasa saƙar a tace da tsumma a bar shi ya daskare a ƙwarya, dukawa su zo su saya suna goga wa zaren ɗinki. Kakin gaske ruwan ɗorawa ne ko ya ɗan yi duhu, ko ba a kunna ba in ka kai hanci za ka ji ƙamshin zuma sama sama, in ka gutsuro ka murza tsakanin yatsu ɗumin hannunka kaɗai zai sa ya yi laushi ya lanƙwasu yana ɗan kama hannu, ba ya marmashewa. In ya daɗe a ajiye sai ka ga wani fari fari ya rufe shi kamar ƙura, kana gogewa da tsumma ya fita. Akwai wanda ake tacewa har ya koma fari kam, amma ko shi murzar nan tana tona shi.

Shi kuwa wancan da ake kira farafin, daga ɗanyen man fetur yake fitowa, wajen tace mai ake ware shi, ita kanta matatar Kaduna an gina ta da sashen da ke fitar da irin wannan kaki. Tun wajen 1830 wani Bajamushe Karl von Reichenbach ya gano shi, daga shekarun 1850 aka fara yin kyandir da shi gadan gadan saboda arha, har yau kuma shi ya cika kasuwa. Gane shi ba wuya. Yana da santsi da ɗan maiƙo a hannu, in ka ɗaga shi saitin haske gefensa kamar haske na ratsawa, in ka lanƙwasa ya karye ƙas, kuma ba shi da ƙamshin komai sai wanda aka zuba masa. Duk farin kyandir dogo da ake sayarwa a kwali a shagon unguwa da kuɗi kaɗan, ka ɗauka kawai shi ne. Kuɗin ma shaida ne, ƙudan zuma sai sun sha zuma kilo da dama kafin su yi kilo ɗaya na kaki, toh ta yaya za a sayar maka da ƙaton kyandir na kakin zuma da kuɗin biredi?

Sai na waken suya, wanda Amurkawa suka fito da shi a shekarun 1990, daga man waken ake yi. Wannan launin madara ne, haske ba ya ratsa shi, kuma laushi gare shi sosai farce na nutsewa kamar a man shanu daskararre, shi ya sa kusan kullum a kofi ko gwangwani za ka gan shi, da wuya ya tsaya da ƙafarsa balle a zafin Kano ko Sakkwato. Matsalar ita ce da yawa gauraya ake yi, a zuba ɗan na wake a cika da farafin sannan a rubuta sunan waken da manyan baƙi. In ba a rubuta ɗari bisa ɗari ba ni dai ban yarda ba, in ma an rubuta sai na kankara.

Amma fa in faɗi gaskiya, kar wani ya karanta wannan ya ce shikenan na sayi na zuma na tsira. Duk abin da ke ci da wuta yana fitar da hayaƙi, kuma yawancin baƙin nan daga lagwani yake. In lagwani ya yi tsawo ya yi kai kamar kan ashana, ko fanka na kaɗa wutar tana rawa, kakin ba ya ƙonewa duka, sauran ne ke tashi ya zama ƙunƙunniya, ƙanana ƙwarai da suke wucewa har cikin huhu. Na gwada a gida da farin faranti na tangaran, na riƙe shi kamar taƙi ɗaya saman wutar na ɗan lokaci. Da dogon lagwani farantin ya yi dishi dishi, da na datse shi da almakashi ya rage kamar rabin santimita sai wutar ta tsaya cak, farantin da ƙyar ka ga wani abu. Kyandir ɗaya ne fa. Sannan turaren da kalar da ake zubawa su ma ƙonewa suke, mai ciwon asma ko jariri ba ruwansa da ko kakin na zuma ne in an cika shi da turare, mu da dama ga turaren wuta ga maganin sauro na kunnawa duk a ɗaki ɗaya.

Wani abu kuma da ya fi tsorata ni, akwai lagwanin da ake sa wa siririn ƙarfe a tsakiya don ya miƙe. A da wasu da dalma ake yi, har Amurka ta hana sayar da irinsa a 2003, mu kuma da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. In ka ga waya a cikin lagwanin sabon kyandir ka ɗan warware zaren ka goga ƙarfen a farar takarda, in ya bar zane kamar na fensir kar ka kunna shi a gidanka. Gara na zaren auduga zalla.

Roƙona ga masu sayarwa, musamman 'yan uwana mata da ke haɗawa a gida, sana'a ce mai kyau Allah ya sa albarka, amma ku rubuta abin da kuka zuba, in farafin ne ku ce farafin ne mai so zai saya. Masu kiwon zuma kuma na sha ganin an matse zuma an watsar da saƙar a bola, alhali ga masu kyandir can suna neman kakin.

Ƙanwar tawa dai ba ta zubar da nata ba, ta ce kyautar ƙawaye ce. Mun datse lagwanin, ta koma kunna ɗaya na ɗan lokaci da taga a buɗe kuma ba ta barci ta bar shi, silin ɗin ne har yanzu maigidan bai kira mai fenti ba.

Wassalam,
Wata mai karanta jaridarku daga Zariya