Abba, kafin ka tayar da jirgin nan ranar Juma'a

Assalamu alaikum Abba. Na kira ka sau uku jiya bayan isha'i ba ka ɗauka ba, toh tunda haka ne bari in rubuta, in ka ga dama ka karanta in ka ga dama ka share, ni dai na sauke nauyi.

Ummi ce ta kwance maka zani a kasuwa, kuma kar ka ga laifinta ni na matsa mata. Wai ranar Juma'a kai kaɗai za ka ɗauki Alhajin naka da ɗansa a ƙaramin jirginsa daga Heipang, filin jirgin Jos, zuwa Abuja, kaftin ɗin da kuke zama tare ya tafi hutu. Abba ni za ka ɓoye wa wannan? Ni da na yi shekara ashirin da wani abu ina fitowa tun kafin asuba a sanyin Jos ina duba ko ana hango tsauni ko ba a hango, ina rubutawa ina miƙa wa 'yan tawa, masu ba jirage izinin tashi da sauka? Ko don na yi ritaya shikenan na zama tsohon da ake lallaɓawa.

Ban ce ba ka iya tuƙi ba. Na je Zariya da ƙafata ranar da aka ba ku lasin, makarantar nan ta koyon tuƙin jirgi tun 1964 aka kafa ta kuma ba ta wasa, na ga yadda malaminka ya dafa kafaɗarka. Amma Heipang ba Abuja ba ce. A nan sai ka yini jirgi biyu ko uku ne suka sauka, sararin duk naka ne, mai tawa ya san muryarka har ya tambaye ka ya gida. Can kuwa titin jirgi ɗaya tal gare su, shi ya sa da suka tashi gyara shi a 2017 sai da aka rufe filin sati shida aka koma Kaduna, kuma a kan wannan titin guda na Legas zai sauka, na Kano, na Ingila, na sojoji, na gwamnoni, kowa na sauri kowa na da mai jiransa. Kai kana gangarowa da gudun da bai wuce kilomita 130 a awa ba, na bayanka yana tafe da ninkin haka, mai tawa yana magana a rediyo kamar ana zuba gyaɗa a faranti, zai ce maka ka ƙara gudu, ka karya nan, ka bi bayan wancan, ka fice daga titi da wuri.

Nan ne tsorona yake, ba inji ba, ba hazo ba ma duk da hunturun bana ya yi kauri. Tsorona kunyarka. Na san ka tun kana rarrafe, ba ka iya cewa ba zan iya ba, gara ka karye da a ce ka gaza. Haka ka yi ranar babur ɗin Kawunku a Bauchi Road, haka ka yi lokacin jarabawar nan da ka ɓoye zazzaɓi kwana huɗu har sai da ka faɗi a tsakar gida. A ƙasa wannan halin ɗinki da ƙarin ruwa ya jawo mana. A sama fa?

Babban jirgi in ya wuce yana barin guguwa biyu a bayansa daga bakin fukafukai, ba a ganinsu, suna murɗawa suna sauka a hankali ƙasa da hanyar da ya bi, kuma in iska ta kwanta sun fi daɗewa a wurin. Ƙaramin jirgi irin naku in ya faɗa ciki kifar da shi suke yi kamar an juya faifai, kana kusa da ƙasa ba filin gyarawa. Ka san wannan, na ga shafin a littafinka da ka ja masa layi da jan biro: minti 3 tsakaninka da babba, ka tsaya sama da hanyar da ya gangaro, ka dira gaba da inda tayarsa ta taɓa. Sani ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce lokacin da Alhaji yake bayanka yana duba agogo wai Juma'a a babban masallaci zai yi, mai tawa ya ce ka matso, kai kuma kana jin matuƙan manyan jirage duk suna sauraron muryarka, sai zuciyar nan taka ta ce kar su ce yaro ne. Wallahi Abba ka buɗe baki ka ce ba za ka iya ba. Dokar ta ba ka wannan, kai ne mai jirgi a lokacin ba mai kuɗin ba, ba mai tawa ba. In saukar ba ta kwanta maka ba ka ba shi wuta ka tashi ka sake zagayowa, gara ka zagaya sau biyu da ka dira da ƙarfin hali.

Kar ka ce tsufa ne ke sa ni surutu. Ina bakin aiki ranar Lahadi 29 ga Oktoba 2006 da labari ya zo cewa jirgin Sakkwato ya faɗi yana tashi daga Abuja cikin iskar hadari, mutum 96, har da Sarkin Musulmi Maccido, Allah Ya jiƙansu. Wancan Boeing ne fa. Marigayi Ɗanbaba Suntai yana gwamnan Taraba, shi ma Zariya ya koya, shi ke tuƙa ƙaramin jirgi da kansa ya faɗi kusa da Yola a 2012, bai sake komawa daidai ba har Allah Ya ɗauke shi a 2017. Sama ba ta san sarauta ba, ba ta san na fi kowa maki a aji ba.

Kuma ka cika tanki. Abuja in shugaban ƙasa zai tashi ko zai sauka tsayar da kowa ake yi, sai ka yi ta shawagi kana kallon mai yana ƙasa. Ka lissafa wanda zai kai ka Kaduna ko Minna ko ya dawo da kai gida. Ka tuna Heipang ta haura ƙafa 4,000, da rana in zafi ya yi injin ba ya ja kamar yadda ka saba a Zariya, kar ka bari a loda maka buhunan dankali da akwatuna don kunyar Alhaji, ka auna komai. In hazo ya rufe ka ce masa a bi mota, Hawan Kibo da Akwanga suna nan ba inda suka je.

Na san har yanzu kana riƙe da abin da na faɗa shekarun baya, cewa ba da yawuna ba za ka shiga wannan aikin. Eh na faɗa, kuma ban ji kunyar faɗa ba, uban da ya ga abin da na gani dole ya faɗa. Amma wa ya sayar da filin Rikkos? Mamanka har yau in mun wuce wurin juyar da kai take yi. Ban sayar don in yi maka gori ba, na sayar ne don in gan ka kana shigowa gidan nan da ƙafarka kana cire takalmi a ƙofar ɗakina. In Alhaji ya kore ka don ka ƙi tashi, ka dawo, tuwo bai ƙare a gidan nan ba.

Mamanka ba ta sani ba, na hana Ummi faɗa mata saboda hawan jinin. Ka kira ni daren Alhamis mu duba rahoton yanayi tare, har yanzu idona na karanta shi. Kar ka manta addu'ar hawa abin hawa, kuma kana kashe inji a Abuja ka turo min saƙo ko kalma ɗaya ce, wayar tana hannuna ko a masallaci ne.

Allah Ya tsare min kai, Ya yi maka albarka.

Babanka