A Gama Yanka Kafin a Taɓa Launi

Malam Edita,

Muna roƙon fili mu ja hankalin masu shirya fim a Sakkwato. Kada a fara gyaran launi sai an gama yanka fim tsaf. Hoton da aka ɗauka a Log, wato wani tsarin ɗaukar hoto na kyamara, yakan fito a koɗe, don haka a manhajar tace fim ta DaVinci Resolve a fara mayar da shi Rec.709, wato tsarin launin da aka saba gani a talabijin, a daidaita haske, sannan a daidaita farin launi. Ƙurar hunturu kan sa hoton waje ya yi rawaya, amma in aka cika shuɗi wajen gyara, fatar ɗan wasa sai ta koma toka-toka. A auna da Vectorscope, wato ma'aunin launi na cikin manhajar, domin ido yana gajiya. In kuwa aka haɗa hoton da aka ɗauka a firam 25 a daƙiƙa da na firam 30, motsi zai riƙa tsalle.

Wasu masu tace fim,
Sakkwato