Sanarwa ga masu shirin ziyarar ƴan'uwa a Falasɗinu

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da warhaka.

Za mu zauna ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe 4:30 bayan La'asar, a inda muka saba. Ɗan'uwanmu da ya dawo daga Ramallah, a Yammacin Kogin Jodan, zai ba mu labarin abin da ya fara gani, don masu tafiya su kintsa.

Ga kaɗan kafin zaman. Babu filin jirgi a Yammacin Kogin Jodan. Mai bi ta Amman zai tsallaka gadar Sarki Husaini, kuma Isra'ila ce ke riƙe da shiga da fita. Ba a bayar da bizar Jodan a gadar, sai a nemo ta tun daga gida. Takardar shiga da za a ba ku, ku adana ta cikin fasfo, ana tambayarta a shingayen bincike irin na Ƙalandiya, tsakanin Ramallah da Ƙudus.

Abin da ya fi taɓa zuciya: mai masaukinku, in koren katin shaida na Falasɗinawan Yammacin Kogin Jodan gare shi, ba zai raka ku Masallacin Ƙudus ba sai da izini na musamman. Kada ku matsa masa. Baƙaƙen tankunan da ke kan rufin gidaje kuwa, ruwan famfo ne ba ya zuwa kullum, don haka a yi tsimi wajen wanka da wanki. Shekel, kuɗin Isra'ila, ake kashewa a kasuwa.

Kowa ya zo da kwafin fasfonsa da cikakken adireshin mai masaukinsa. Wanda ba zai samu zuwa ba ya sanar kafin Juma'a.

Allah Ya sauƙaƙa wa ƴan'uwanmu, Ya kai mu lafiya.

Sakataren rukuni