Lissafin da ake ɓoyewa a labarin gwanayen gasar karta

Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan hotunan da ke yawo a wayoyin samarinmu, na 'yan wasan kartar foka zaune gaban tulin daloli, an rubuta cewa wane ya ci miliyan kaza. Jimillar abin da aka miƙa musu ce kawai ake nunawa, ba a cire ko sisi daga abin da suka zuba ba.

A ɗauki Daniel Negreanu, ɗan Kanada haifaffen Toronto. Ya ci munduwarsa ta farko, wato lambar yabon da ake ba wanda ya zo na ɗaya, a jerin gasannin foka na duniya na WSOP da ake yi a Las Vegas ta Amurka a 1998 yana ɗan shekara 23, an zaɓe shi gwarzon shekara a 2004 da 2013, kuma abin da ya karɓa a gasanni ya haura dala miliyan 50. Amma shi da kansa ya wallafa lissafinsa na 2017: ya karɓi kusan dala miliyan 2.79, ya biya kuɗin shiga kusan miliyan 2.87. Wato shekara guda cur yana kan teburi, ya tashi da asara. Daga 2013 bai sake ɗaukar munduwa ba sai 2024. Wannan fa ɗaya ne daga cikin waɗanda suka fi kowa iya wasan a duniya.

Dalilin yana cikin tsarin gasar. Kuɗin shiga babbar gasar WSOP dala 10,000 ne. Masu shiryawa su zare kasonsu, sauran a raba wa kimanin mutum 15 cikin ɗari. 85 su koma gida hannu rabbana. A 2023 mutum 10,043 suka shiga, na ɗaya ya tafi da miliyan 12.1, na ƙasan layin masu samu kuwa dala 15,000, ribar 5,000 ke nan kafin kuɗin jirgi da otal. Ga kuɗin tilas da ake ajiyewa kafin rabon kati, wanda ke ƙaruwa duk bayan awa biyu, don haka ba damar zaman jiran kati mai kyau. Dole wata rana mutum ya tura duk abin da ke gabansa tsakiyar teburi. Ko yana riƙe da kati biyu mafiya ƙarfi, abokin karawarsa na riƙe da wasu tagwaye (kati biyu masu lamba ɗaya), rinjayensa kusan 80 cikin ɗari ne. In ya yi irin wannan kasadar sau biyar, damar tsallakewarsa duka ta koma ɗaya cikin uku, kuma faɗuwa ɗaya ta isa a tashe shi.

Shi ya sa ƙwararru ke sayar da hannun jari a kansu. Wani ya biya rabin kuɗin shiga, ya ɗauki rabin abin da aka ci. Wasu kuma ubangida ne ke biya musu komai, bisa sharaɗin ba za su ga riba ba sai sun cike duk asarar baya. Sannan Amurka na zare harajin kashi 30 daga abin da baƙo ya ci, in babu yarjejeniyar haraji da ƙasarsa.

Abin da ya fi sosa min rai shi ne ƙarshen Stu Ungar, wani gwanin foka ɗan Amurka. Sau uku yana lashe babbar gasar: 1980, 1981 da 1997. A karo na ukun ma wani ɗan wasa mai suna Billy Baxter ne ya biya masa kuɗin shiga, suka raba kyautar dala miliyan ɗaya da ya ci gida biyu. Cacar wasanni da ƙwaya suka lamushe rabonsa, aka tsinci gawarsa a ɗakin wani ƙaramin otal a Las Vegas cikin Nuwamba 1998, yana da shekara 45.

Hukuncin caca a addininmu ba ɓoyayye ba ne, malamai sun yi bayani. Roƙona gare ka, Edita, duk ranar da za ku buga labarin wanda ya ci miliyoyi a irin wannan gasa, ku sa kuɗin shigarsa da adadin waɗanda suka fita ba komai a layi ɗaya da kyautar.

Naka,
Mai karatu daga Kano