Rahoton ayyukan shekara ga mambobin ƙungiyar masu kula da jirage marasa matuƙa

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, ga taƙaitaccen abin da muka yi bana, wanda bai samu zuwa taro ba sai ya karanta a nan.

Yawancin ƙarfinmu ya tafi ne kan tambaya guda, wa ke da ikon cewa a dakata? Kun dai san jirgin nan shi ke tuƙa kansa, ya bi hanyar da aka tsara masa da GPS, ya saki kwalin jini ko allurar rigakafi da 'yar lema ya juyo gida, irin tsarin da kamfanin Zipline ya fara a Ruwanda a 2016 ya kai shi Gana a 2019. To matsalar ita ce in abu ya yi wata da watanni yana tafiya lafiya lau sai na gaban sikirin ya saki jiki, ido na kallo amma hankali ya tafi yawo. Shi ya sa a atisayen bana muka riƙa katse sadarwa da gangan ba tare da an faɗa wa kowa ba, kuma wallahi mun ga abin mamaki, har tsofaffin hannu wasu suka yi tsuru suna jiran na'ura ta gyara kanta. Matsayar da aka cimma, ko sabon ɗauka ne mai loda kaya in ya ga batir ya kumbura ko fiffike ya tsage yana da damar hana tashi, tambaya sai daga baya.

Na biyu maganar sanyi. Jini yana son digiri 2 zuwa 6, yawancin rigakafi 2 zuwa 8, shi kuwa jirgi ba ruwansa ko akwai mai jira a ƙasa. Wani mamba ya ba mu labarin kwalin da ya sauka daidai inda ake so amma ya zauna cikin rana, don wayar nas ɗin na can a caji ba ta ga saƙo ba. Yanzu shawararmu kar a tashi jirgi sai mai karɓa ya amsa da bakinsa.

Bitar miƙa aiki tsakanin masu tashi daga aiki da masu karɓarsu ita ma an yi, ba laifi.

Abin da ya gagara shi ne horon aikin dare da na lokacin iska mai ƙarfi, kuɗi ne suka hana, don haka masu bashin kuɗin wata don Allah ku nemi ma'aji kafin zama na gaba.